Dillali da Kundin Sunaye: Sharhi a kan Ƙa'idar ICANN ta 2024

Ranar 5 ga Afirilu 2024 wani gyara ya fara aiki a cikin yarjejeniyar da ke tsakanin hukumar ICANN da kamfanonin da ke rajistar sunayen shafukan intanet. Rubutu ne gajere irin na lauyoyi, babu gishiri babu yaji, kuma ba irinsa aka saba kawowa a shafukan adabi ba. Sai dai batunsa suna ne: wa ke ba da shi, wa ke karɓe shi, da wace hujja. Mu kuwa da aikinmu koyar da harshe ne, mun san cewa duk inda ake raba sunaye akwai iko a wurin, ko da masu rabon sun ce su ma'aikatan fasaha ne kawai. Don haka ya cancanci a karanta wannan rubutu yadda ake karanta kowane matani a aji, a dubi abin da ya faɗa, a dubi kalmomin da ya zaɓa, sannan a dubi wanda ya manta da shi.

Kowace na'ura da ke kan intanet lamba gare ta, mutum kuwa ba ya riƙe lambobi, shi ya sa a 1983 Paul Mockapetris ya tsara wani kundi mai hawa-hawa wanda ke mayar da suna zuwa lamba. Idan mai karatu ya rubuta anp.ne don ya ga labaran kamfanin dillancin labarai na Nijar, na'urarsa tana karanta sunan ne daga dama zuwa hagu, kamar ajami: ta fara tambayar wa ke riƙe da kundin "ne", sannan ta tambayi mai kundin ina "anp" yake. Wannan guntun ƙarshe, wanda zan kira wutsiyar suna, iri biyu ne. Akwai wutsiyoyin gama-gari kamar .com da .org da .net, akwai kuma na ƙasashe masu baƙaƙe biyu, waɗanda aka ɗauko daga jerin ISO 3166: .ne ta Nijar, .ng ta Nijeriya, .ml ta Mali, .td ta Cadi. An buɗe .ne a 1996, riƙonta kuma ya kasance a hannun SONITEL, kamfanin da aka haɗe da SahelCom a 2016 aka sami Niger Télécoms.

Mutumin da ya raba waɗannan wutsiyoyi a farkon al'amari, Jon Postel, malami ne a wata jami'ar Kalifoniya. A takardarsa ta Maris 1994, wadda ake kira RFC 1591, ya bayyana mai riƙe da wutsiyar ƙasa a matsayin amintacce da aka ba ajiya, wanda aikinsa hidima ne ga al'ummar ƙasar da ta duniya, ya kuma nuna cewa maganar mallaka ba ta dace da wurin ba. Postel ya rasu a Oktoba 1998, a daidai lokacin da ake kafa ICANN don ta gaji aikinsa. Tun daga nan ake ja-in-ja a kan wanda ya kamata ya riƙe linzami. An yi ta a taron ƙoli na Janeba a 2003 da na Tunis a 2005, kuma sai ranar 1 ga Oktoba 2016 gwamnatin Amurka ta saki kwangilar da ta ba ta damar sa ido a kan saiwar kundin. Wannan tarihi an sha ba da shi, ba zan daɗe a kansa ba. Kalmar amana ce nake so mai karatu ya riƙe.

Mutumin Dakwaro ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan tsari, domin ya san shi a kasuwar bisashe. Baƙo ya gangaro daga arewa da raƙumi, mai saye bai taɓa ganinsa ba, amma ciniki yana faɗawa saboda akwai dillali a tsakani. La'adar da dillali ke karɓa kuɗin lamuni ce. Idan bayan wata uku wani ya zo ya nuna shaidar da ke jikin dabbar ya ce tasa ce aka sace, wurin dillali ake komawa, shi ne zai nemo wanda ya kawo ta, in ya kasa kuwa mutuncinsa da aljihunsa su biya. Saboda haka dillalin kirki yana tambaya kafin ya kama igiya: daga wane ruga, ɗan wane ne, wa ya san ka a nan? A kasuwar sunaye ma akwai mai kundi, wato wanda ke riƙe da wutsiya ɗungum, kamar yadda Verisign ke riƙe da .com, akwai kuma dillalai masu sayar wa jama'a suna ɗaya-ɗaya. ICANN kamar sarkin kasuwa take. Ba ta da dabba ko ɗaya, ikonta shi ne ta ba dillali wurin zama ko ta tashe shi.

Abin da ke faruwa idan dillali ya daina tambaya, maƙwabtanmu na Mali sun gan shi. A 2013, shekarar da ƙasar ke cikin yaƙi, hukumar AGETIC ta ƙulla yarjejeniya ta shekara goma da kamfanin wani ɗan kasuwar Holan mai suna Johannes Zuurbier, kamfanin da aka fi sani da Freenom, a kan cewa za a riƙa ba da sunaye masu wutsiyar .ml kyauta ga kowa a duniya. An tallata abin a matsayin ci gaba, ana cewa Mali ce ƙasar Afirka ta farko da ta buɗe ƙofarta haka. Gabon da Afirka ta Tsakiya da Gini Ikwatoriya suka shiga irin wannan ciniki da .ga da .cf da .gq. Kamfanin ya riga ya gwada dabarar a tsibiran Tokelau na tekun Fasifik, masu mutane kimanin 1,500, inda wutsiyar .tk ta tara sunaye fiye da miliyan 20, har ta zarce ta manyan ƙasashe. Ribar kamfanin tana zuwa ne ta bayan gida: sunan kyauta ba na wanda ya yi rajista ba ne, idan ya bar shi ko wa'adi ya cika sai kamfanin ya karɓe, ya cika shafin da tallace-tallace, ya ci kuɗin masu ɓatan hanya da ke faɗowa ciki.

Sai a yi tambaya, wa ya fi kowa buƙatar suna kyauta ba tare da an tambaye shi ko shi wane ne ba? Mai shagon kirki suna ɗaya yake so, ya riƙe shi shekara da shekaru, kuɗin rajista bai dame shi ba. Ɗan damfara kuwa sunansa ba ya kwana da yawa. Ya kafa shafin da ya kwaikwayi na banki ko na kamfanin waya, ya watsa shi, cikin ƴan kwanaki masu tsaro su gane su toshe, sai ya koma wani. Sunaye ɗari yake buƙata, ko dubu, kuma kuɗin kowane suna shi ne kaɗai harajin da sana'arsa ke biya. Freenom ta ɗauke masa wannan haraji. Duk malamin da ke cikin zauren WhatsApp na makaranta a waɗannan shekaru ya ga sakamakon: saƙon da ke cewa wani kamfanin waya yana raba kuɗin kira don bikin cikarsa shekara kaza, ko wata ƙungiyar agaji tana ɗaukar ma'aikata, ko an buɗe tallafin karatu a Kanada, a danna nan a tura wa mutum goma. A duba ƙarshen adireshin sai a ga .ml ko .ga ko .cf ko .tk. Na sha tsayar da darasin Faransanci don in nuna wa ɗalibai kurakuran nahawun da ke cikin irin waɗannan saƙonni, domin ɓarawon da bai iya daidaita fi'ili da mai aikatawa ba shi ne mafi sauƙin kamawa. Amma wannan kariya ce ta wanda ya yi lakol, ita ma tana ƙarewa yanzu da na'ura ke rubuta wa ɓarawo Faransanci mai tsabta.

Hasarar ba ta tsaya kan waɗanda aka damfara ba. Da wutsiyoyin nan suka yi ƙaurin suna, masu kula da akwatunan wasiƙa da hanyoyin sadarwa na kamfanoni da yawa a duniya sai suka riƙa toshe su gaba ɗaya, ba tare da tantancewa ba. Ɗan kasuwar Bamako mai gaskiya da ya ɗauki .ml don kishin ƙasa, wasiƙarsa tana iya faɗawa kwandon shara tare da ta ɓarayi. Ƙasa ta ba da aron sunanta, aka dawo mata da shi da wari.

Yadda labarin ya ƙare shi ne abin da ya fi ba ni haushi. ICANN ta taɓa dakatar da reshen dillancin wannan kamfani na wani lokaci a 2015, amma wutsiyoyin ƙasashe ba sa ƙarƙashin yarjejeniyarta, saboda haka rabon kyauta ya ci gaba. Abin da ya tsayar da shi ƙara ce da kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp da Instagram, ya shigar a wata kotun Kalifoniya, wadda ta fito fili a Maris 2023, saboda ana kwaikwayon sunayen hajojinsa. Freenom ta daina sabuwar rajista, Gabon ta karɓe .ga a Yuni 2023 da taimakon AFNIC ta Faransa aka share miliyoyin sunaye, yarjejeniyar Mali ta cika a Yuli, sannan a Fabrairu 2024 kamfanin ya sanar da cewa ya sasanta da Meta kuma ya bar wannan sana'a. Shekara goma ana cutar talakawa da sunan ƙasashen Afirka huɗu, amma sai da aka taɓa tambarin attajiri kafin kasuwar ta tashi. Duniya kuwa ba ta waiwayi .ml da gaske ba sai a Yuli 2023, lokacin da jaridar Financial Times ta ba da labarin cewa wasiƙun sojojin Amurka, waɗanda wutsiyarsu .mil ce, sun shekara goma suna faɗawa .ml saboda mantuwar baƙi ɗaya. Zuurbier ya ce daga Janairun wannan shekara kaɗai ya tara kusan 117,000, ciki har da takardun asibiti da tsarin tafiye-tafiyen manyan hafsoshi. Harafin "i" guda ya yi wa Mali abin da kukan waɗanda aka damfara bai yi ba.

A kan wannan fage gyaran 2024 ya zo. Bari mu fara da kalmar da aka gina shi a kanta. Ingilishi da Faransanci sun gaji kalmar abus daga Latin, ma'anarta ta asali ita ce amfani da abu ta hanyar da ta kauce. Kalma ce mai faɗin baki, tana ɗaukar shan giya fiye da kima, tana ɗaukar zaluncin mai mulki. Masu fassarar ICANN zuwa Faransanci sun ji wannan faɗi, shi ya sa suka fi amfani da utilisation malveillante, suka shigo da mugun nufi cikin maganar. Da Hausa fa? "Wuce gona da iri" ya yi sauƙi, "ɓarna" ba ta nuna mai yi, "zamba" ta tsaya kan ɓarawo kaɗai. Ni "cin amanar suna" na zaɓa, domin ita ce ke tilasta tambayar da sauran ke kaucewa: wa aka ba amanar? Ɓarawo ba a ba shi amana ba. Dillali da mai kundi aka ba, kamar yadda Postel ya faɗa tun 1994.

Gyaran ya taƙaita wannan cin amana ga abubuwa biyar: manhajar ɓarna, rundunar na'urorin da aka sace linzaminsu, jefa fatsa ta shafin bogi don satar lambobin sirri, karkatar da mai nema zuwa gidan da ba shi ya nufa ba, da kuma wasiƙun tarkace idan su ne ke ɗauke da ɗayan huɗun nan. Ya ce idan dillali ya sami hujjar da za a iya aiki da ita cewa ana amfani da wani suna don ɗayan waɗannan, wajibi ne ya ɗauki matakin da ya dace cikin hanzari don ya tsayar da abin, yana la'akari da cutar da matakin zai iya jawo wa wanda ba ruwansa. Ya kuma wajabta masa ya buɗe ƙofar karɓar ƙorafi a fili, ya shaida wa mai ƙorafi cewa saƙonsa ya iso.

Akwai masu ganin jerin ya yi kaɗan, suna so a sa labaran ƙarya da satar fasaha da batsa da zagin addini. A nan ina tare da masu rubutun. Dillalin suna makami ɗaya gare shi, kuma gatari ne: ya dakatar da sunan. Ba ya iya cire shafi ɗaya ya bar saura, ba ya iya goge jimla. In ya sare, gidan duka ya rufe, da akwatunan wasiƙar duk mutanen da ke cikinsa. Wanda gatari ne kawai a hannunsa bai kamata a ba shi aikin wanzami ba. Bayanin da ICANN ta fitar tare da gyaran ya bambance sunan da aka yi rajistarsa don sata tun farko da sunan mutumin kirki da ɓarayi suka fasa suka ɓoye tarkonsu a ciki, kuma wannan bambanci yana da muhimmanci gare mu fiye da kowa. Shafukan makarantunmu da ƙananan ƙungiyoyinmu galibi wani ɗan'uwa ne ya gina su sau ɗaya ya tafi, babu mai sabunta su, su ne kuma ɓarayi suka fi sauƙin haurawa. Rufe sunan irin wannan shafi hukunta wanda aka yi wa sata ne. An kuma ga cewa rubutun yana da haƙora: a Yuli 2024 ICANN ta aika wa kamfanin ƙasar Sin mai riƙe da .top takardar saɓa yarjejeniya, a kan dalilan da suka haɗa da yin biris da ƙorafe-ƙorafen fatsa.

Amma a sake karanta sharaɗin: idan dillali ya sami hujja. Wa zai kai masa? A ɗauki mai sayar da hatsi a Kornaka wanda aka aiko wa saƙon murya da Hausa, aka ce ya shiga wani shafi ya tabbatar da asusunsa na aika kuɗi, ya shiga, aka kwashe masa jaka hamsin. Kafin kukansa ya zama hujja a ma'anar wannan rubutu, sai ya san cewa akwai wani abu wai shi dillalin suna, ya gano wane ne daga cikin dillalai fiye da dubu biyu, ya ɗauki hoton shafin kafin ya ɓace, ya rubuta bayani da harshen da ma'aikacin can zai fahimta, wanda kusan kullum Ingilishi ne. Tun Mayu 2018, da dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai ta fara aiki, an rufe yawancin bayanan masu rajista daga idon jama'a, abin da ke da nasa amfani, amma ya ƙara wa mai bin sawu wahala. A aikace, hujjar da ke isa teburin dillali daga kamfanonin tsaro take fitowa, su kuwa suna gadin sunayen waɗanda ke biyansu ne, wato manyan bankuna da manyan kamfanoni. Rubutun ya yi wa kowa adalci a takarda, alhali mai lauya da na'urar sa ido ne kaɗai ke iya taka matakalar da ya gina. ICANN tana fassara takardunta zuwa harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi taro a Dakar a 2011 da Kigali a 2024, amma mai hatsin Kornaka ba ya cikin waɗanda aka yi tunaninsu sa'ad da ake rubuta kalmar hujja.

Sannan "cikin hanzari" ba a ɗaura masa awa ba, ga shi kuwa shafin fatsa yakan gama cin kasuwarsa a kwana ɗaya ko biyu. Mafi girma duka, gyaran bai ce wa dillali ya yi tambaya kafin ya kama igiya ba. Mutum yana iya sayen sunaye ɗari biyar a dare ɗaya a kan ƴan kuɗi kaɗan, kuma babu laifin dillali sai an kawo ƙara a kan kowane. Binciken kamfanin Interisle ya nuna cewa bayan faɗuwar Freenom ɓarayin sun yi ƙaura ne zuwa sababbin wutsiyoyin gama-gari masu araha. A kasuwar Sakabal dillalin da ya ce shi ba ya tambaya, sai dai in an kama dabbar sata a hannunsa ya saki igiya, ba zai ga kasuwa ta gaba ba.

Wutsiyoyin ƙasashe kuwa gyaran bai shafe su ba sam, domin ICANN ba ta da ikon yi wa .ne ko .ng doka. Wannan daidai ne ta fuskar ƴancin ƙasa, sai dai yana nufin nauyin ya dawo kanmu, kuma a nan haɗarin yana da fuska ta biyu. Mali ta nuna abin da sakaci ke haifarwa. Ɗaya fuskar ita ce hannun hukuma ya yi nauyi, kalmar nan mai faɗin baki ta haɗiye duk abin da mai mulki ba ya so. Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet ta hukunta watsa bayanan da ke iya dagula zaman lafiyar jama'a, jimlar da kowane alƙali zai iya ja ta kai inda yake so. A ƙarƙashin wannan doka aka tsare ƴar jarida Samira Sabou makonni a 2020 a kan zargin ɓata suna. An cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi a 2022, aka mayar da shi a Yuni 2024. An yanke intanet ta salula kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairu 2021, Nijeriya kuma ta rufe Twitter wata bakwai daga Yunin wannan shekara. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ta kundin sunaye aka bi ba, amma suna nuna halin hannun da ke kusa da kundin. Kada kuma a ce ciwon Afirka ne: a Satumba 2017 ƴan sandan Sifen sun shiga ofishin masu riƙe da .cat a Basalona don a rufe shafukan ƙuri'ar raba-gardamar Kataloniya.

Wanda ya gudu daga wannan hannu ya koma .com ko .org, wani hannun ya faɗa. Masu riƙe da waɗannan kundaye biyu a jihar Bajiniya ta Amurka suke, ƙarƙashin kotunan Amurka. A Yuni 2021 gwamnatin Amurka ta ƙwace sunaye fiye da talatin na kafofin da ke da alaƙa da Iran, ciki har da presstv.com, da takardar kotu kawai. Mai karatu ya lura cewa jaridar gwamnatinmu, Le Sahel, a lesahel.org take zaune, kamar yadda ActuNiger da Tamtaminfo ke kan .com. A lokacin da kalmar ƴancin kai ke bakin kowa, sunan jaridar ƙasa yana rubuce a kundin da ke Bajiniya. Gaskiya ne ICANN ta ƙi roƙon Yukren na a cire .ru daga saiwar kundi a Maris 2022, kuma wannan ƙi ya kare kowace ƙaramar ƙasa da wata rana za ta yi faɗa da manya. Amma kariyar ta wutsiyar ƙasa ce, ba ta kai ga sunan da ka yi haya a gidan wani ba.

Nijeriya ta sha rigima a kan wanda zai riƙe .ng har sai da shugaba Obasanjo ya sa baki, aka kafa NiRA a 2005, ƙungiya mai zaman kanta wadda masu ruwa da tsaki ke zaɓen shugabanninta. Ba tsari ne marar aibi ba, amma ya sa taki ɗaya tsakanin kundi da ofishin minista, kuma wannan taki shi ne abin da zan so a yi mahawara a kansa a Yamai. Abin da ɗan ƙasa ya cancanci ya gani a rubuce, da Hausa da Faransanci, bai da yawa: wa ke da ikon neman a rufe suna mai .ne, da wace hujja, ko za a sanar da mai sunan, ina zai kai kuka, kuma sunaye nawa aka rufe a shekara da dalilin kowane. Laifuffuka biyar na ICANN mai kundi ya yi maganinsu da kansa cikin awoyi. Duk abin da ya shafi magana da ra'ayi kuwa ya bi ta gaban alƙali. Wutsiya dukiya ce in an riƙe ta da kyau: tsibirin Angila ya sami kimanin dalar Amurka miliyan 32 a 2023 daga .ai kaɗai.

Saura batun da ya fi kusa da allona. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. To, harshen ƙasa yana iya rubuta sunansa a kundin ƙasa? Tsarin sunaye na asali baƙaƙen Ingilishi 26 da lambobi da karan ɗori kawai ya sani. Daga 2003 aka samar da hanyar shigar da sauran haruffa, ta mayar da su wani rubutu mai farawa da xn--, kuma a 2010 Masar da Saudiyya da Daular Larabawa suka sami wutsiyoyinsu da Larabci. Ta fuskar fasaha ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna iya shiga. Matsalar ita ce ɓarayi sun riga mu gane amfanin haruffa masu kama da juna. A 2005 aka nuna yadda za a rubuta PayPal da "a" ta Rashanci, a 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar sunan da ido ke karantawa apple.com alhali duk haruffansa na Rashanci ne. A ƙaramin gilashin salula, lanƙwasar da ke kan ɓ ba ta fi ƙurar da ta sauka a kai girma ba, kuma Facebook da aka rubuta da ɓ zai wuce idon mutum dubu. Saboda haka manhajojin tsaro suna kallon baƙaƙenmu masu lanƙwasa a matsayin baƙin da ba a yarda da su ba. Abin da malamin Hausa ke jan kunnen ɗalibi a kansa, cewa kafa daban ƙafa daban, bari daban ɓari daban, shi ne injiniyan tsaro ke gani kamar kayan aikin ɓarawo.

Wasu sun riga sun warware irin wannan. Da AFNIC ta buɗe haruffa masu alama a .fr a 2012, ta fara ba masu sunaye marasa alama damar ɗaukar takwarorinsu. Kanada ta ɗaure su dami ɗaya a .ca: wanda ya riƙe suna, duk siffofinsa masu alama nasa ne, ba a sayar wa wani. A Hausa wannan dami yana da tsada, domin wanda ya ɗauki kasa.ne ya tafi da ƙasa.ne, kalmomi biyu masu ma'ana biyu. Duk da haka ina ganin a biya wannan tsada, tun da mafi yawan masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa ko kaɗan, kuma barin sunayen biyu a hannu biyu haƙa rami ne a bakin ƙofa. Sai dai jadawalin da zai ce wane harafi ke tafiya da wane ba aikin injiniya kaɗai ba ne. Yana buƙatar masu harshe na INDRAP da Jami'ar Abdu Mumuni, da takwarorinsu na Jami'ar Bayero, domin iyakar ƙasa ta raba mu a wuri ɗaya: ƙa'idar Nijar ta 1999 tana rubuta ƴaƴa, ta Nijeriya tana rubuta 'ya'ya, kuma alamar nan ta sama da ke kan allon rubutu ba ta da izinin shiga sunan shafi. Namu yana shiga, na Kano ba ya shiga. A wajen hamza kuwa dukanmu a waje muke: jama'a da sana'a da ma'aikata da jami'a, babu wadda za a iya yi wa rajista yadda ake rubuta ta a aji.